Hoton Alhaji Karimu

Ranar da Mansuratu ta fara shiga kasuwar Bawku, da katin kamfani a wuya da kwamfuta a jaka, babu wanda ya ko kalle ta. 'Yar Salaga ce, tana koyon aikin ba 'yan kasuwa shawara a wani babban kamfanin fasaha da ke Accra. An turo ta ne ta gano abin da ya hana fataken hatsi amfani da manhajar kamfanin, wadda ke haɗa mai saye da mai sayarwa ta waya. Duk wanda ta tambaya sai ya ce mata yana zuwa.

Wani saurayi da ke zaune kan buhun gero ya gaji da kallon wahalarta.

"Madam Tambaya," in ji shi, "haka ba za ki samu komai ba koraa, ko kaɗan. Baƙo a nan sai da maigida. Zo in kai ki wurin Babana."

Sunansa Abdul-Wahid. Ta harare shi don sunan da ya laƙa mata, amma ta bi shi.

Babansa, Alhaji Karimu, maigida ne irin na da. Fatake daga Kumasi da Togo da Burkina a gidansa suke sauka, ya ba su ɗaki da tuwo, ya nemo musu kaya, ya tsaya musu a ciniki, ya karɓi la'adarsa. A al'adarsu ba a ɓoye wa baƙon gida komai. Don haka ya zaunar da ita kusa da shi, ya nuna mata yadda ake gane geron bara, da wanda ake ba kaya da baki kawai, da wanda ko rantsuwa ya yi ba a ba shi. Da ta nemi ɗaukar hotonsa, har sai da ya shiga ya sake riga.

Kafin ta gama aikin, soyayya ta riga ta gama nata. Tana cikin mota za ta koma saƙonsa ya shigo:

"Madam Tambaya, kin tambayi kowa a Bawku ban da ni. Amsata a shirye take."

Ta rubuta masa: "Ɗan maigida, wace ce tambayar?"

"Ki tambaye ni ko ina barci tun da kika zo."

A Accra ta rubuta abin da ta gani, kuma gaskiya ta rubuta: muddin akwai maigida, babu mai bukatar manhaja. Shugabanta Fu'ad ya ji daɗi ƙwarai. Shi ne zai sa hannu a ɗauke ta aiki na dindindin, kuma ya daɗe yana mata kallon da ba na ofis ba. Shi ya shirya bayanin da za a haska wa 'yan kasuwa ranar ƙaddamar da manhajar a Bawku. Ana gobe taro ya nuna mata. Ga Alhaji Karimu da sabuwar rigarsa yana murmushi, an ja masa jan layi biyu a fuska, a ƙasa an rubuta: "Ka daina ciyar da ɗan tsakiya."

"Wannan zai kama mutane paa," in ji Fu'ad. "Ko kina da magana?"

Tana da magana, amma ta tuna wahalar da mahaifiyarta ta sha da cinikin doya kafin ta gama jami'a, ta haɗiye. Ta ce wa kanta ai hoto ne, wucewa zai yi. Kuma ita da hannunta ta riga ta aika wa Alhaji katin gayyata.

Ranar taron, a layin gaba aka zaunar da shi. Da hoton ya fito, sai wani daga baya ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Alhaji ya tattara rigarsa ya fita, Abdul-Wahid na biye da shi.

Ta kira Abdul-Wahid har ta gaji. Sai bayan kwanaki saƙo ya zo: "Kin gani kafin a haska?"

Ta so ta yi ƙarya, hannunta ya ƙi. "Na gani."

Manhajar ta karɓu, tunda kamfani ya yi ta rabon garaɓasa. Fatake suka fara saye suna zaune a Kumasi ba tare da sun taka Bawku ba. Aka ba Mansuratu aikin da take nema, Fu'ad kuma ya biyo da tasa bukatar ta aure. Ta ce masa a'a, ta ajiye musu katinsu ta koma Salaga. Mahaifiyarta ta yi faɗa kamar ta ari baki: ga aiki ya tafi, ga mijin Accra ya tafi, saboda ɗan mai gero da ko waya ba ya ɗauka.

Daga ƙarshe Abdul-Wahid ya ɗauki wayarta. A tashar motar Yendi suka haɗu, shi ya gangaro, ita ta haura. Ya rame har sai da ta tsorata.

"Na so in tsane ki," ya ce. "Wallahi na gwada. Baba ya ce in dai yana da rai, ba ki shiga gidansa."

"Ɗan maigida, kai ni wurinsa. Ko duka ne in sha."

Ba gida ta same shi ba. A tsakiyar kasuwa ta durƙusa gabansa, mutane suka fara taruwa, ta ce ita ta ɗauki hoton, ita ta gani ta yi shiru.

"Tashi," in ji Alhaji. "Kallo ɗaya ya ishe ni a kasuwar nan." Ya daɗe yana duban ɗansa. "Yarinya, kin ci tuwona kin sayar da fuskata. Ba zan ce miki ya wuce ba, don bai wuce ba. Amma na rasa baƙina, ba zan ƙara da ɗana ba. Ki gaya wa manyanki muna tafe."

Aka ɗaura aure a Salaga bayan ƙaramar sallah. Mahaifiyarta ta sauko, ta yi rawa har da guɗa. Da aka kawo amarya Bawku, mata suka shiga gardamar inda za a jera mata kaya, don ɗakin ango ƙarami ne. Alhaji ya fito da tarin makullai a hannu, ya miƙa wa Mansuratu da kansa.

"Ɗaki ba zai ba mu wahala ba," ya ce. "Ga na baƙi nan a jere, duk babu kowa. Zaɓi wanda ya yi miki."

Makullan suka yi mata nauyi, hawaye ya ɓata mata kwalli. Abdul-Wahid ya matso ya riƙe ɗaya hannun nata.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," in ji tsohon. "Allah ya ba ku 'ya'yan da za su cika mini gidan nan, don shirun ya yi mini yawa."

Kowa ya ce amin, ban da amarya, da kuka ya hana.