Muryar da Aka Gyara wa Akawu

Ranar da ya fara shiga ofishinsu, ƙorafi ya kawo. Kamfanin da take wa aiki manhajar taron bidiyo yake ƙerawa, ita kuwa injiniya ce a sashen tace sauti. Shi akawu ne a wani kamfanin sufuri da ke amfani da manhajar, kuma yana da in'ina.

"Ma-manhajarku ta ɗauke ni hayaniya," in ji shi. "Da na maƙale a kalma, sai ta yanke ni kamar ƙarar fanka."

Kunya ta rufe ta, domin ita ta tsara wannan ɓangaren. Ta roƙe shi ya riƙa zuwa ana naɗar muryarsa don a gyara. Kafin gyaran ya kammala, zuciyarta ta riga ta saba da jiran ƙarshen maganarsa. Ta laƙaba masa Mai Ƙorafi, shi kuma yana ce mata Injiniyata.

Da maganar aure ta taso tsakaninsu, mahaifinta ya ƙi. Tsohon mai karanta labarai ne a rediyo, da harshe yake auna mutum, kuma hankalinsa ya kwanta da manajan sashenta, wanda shi ma yake nemanta, mai zance kamar ana zuba ruwa. Da ƙyar ya yarda zai gana da akawun sau ɗaya tak, ta bidiyo, domin tsohon yana jinya a asibiti a wani gari mai nisa.

Manajan ya same ta a ɗakin gwaji. "Sabon matacin sautin da ba mu fitar ba yana ɗinke in'ina sarai. Ki kunna masa mana, ai taimakonki nake yi."

Ta san duk ranar da asiri ya tonu, manajan ne zai ci riba. Amma tsoro ya rinjaye ta, ta kunna ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Ranar ganawar, fuskoki uku suka bayyana a allo. Akawun ya yi gaisuwa, maganarsa ta isa sumul. Tsohon ya gyara zama a kan gado.

"Ashe ƙarya ake yi maka, yaro. An ce kana da in'ina, ga baki kuwa garau!"

Akawun ya sunkuyar da kai. Wayarta ta yi motsi, saƙonsa ne ya shigo, suka shiga musayar saƙo a ɓoye.

"Me kika yi wa muryata?"

"Don Allah Mai Ƙorafi, ka daure. Ya kusa amincewa."

"Wanda zai amince da shi ba ni ba ne. Ki kashe, ko in fita."

Ta kashe matacin. "Baba, ni na gyara masa murya, bai sani ba. Yanzu za ka ji shi."

Fuskar tsohon ta ɗaure. Akawun ya ja numfashi.

"Baba, na zo ne-neman au... au..."

Kalmar ta ƙi fita. Jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya tsattsafo masa. Ta buɗe baki za ta ƙarasa masa.

"Ke, yi mana shiru!" Mahaifinta ya daka mata tsawa. "Bar shi ya kai kayansa da kansa."

Suka jira.

"...auren 'yarka."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya gare ta. "Ni ban san shi ba na ƙi shi. Ke da kika san shi, kika ji kunyarsa. Ki nemi gafararsa." Ya dubi akawun. "Na tsufa cikin masu zaƙin baki, ban taɓa ganin wanda aka ba shi zaƙin ya mayar ba. In har kana sonta bayan wannan, ka turo manyanka."

Hawaye na zuba ta ce, "Ka yafe mini."

"Na ya-yafe, Injiniyata. Amma kada ki ƙara."

Bayan an sallami tsohon daga asibiti aka ɗaura aure. Ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku haƙurin sauraron juna, Ya albarkaci zuriyarku." Jama'a suka amsa da amin.