Biskit a Ƙarƙashin Gado

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, a gida ana ce mata Auta. Yarinya ce mai fara'a. Ko shara take yi sai ka ji tana waƙa.

Da yayanta ya sami aiki a kamfanin biskit, kowa ya yi murna, amma ta Auta ta fi ta kowa. Duk ƙarshen mako Yaya yana dawowa da leda cike da karyayyun biskit, waɗanda ba za a iya sayarwa ba.

"Ki ci kaɗan-kaɗan fa," in ji Yaya. "Ki kuma ɗiba wa ƙawayenki."

"To, Yaya," ta ce. Yana juya baya ta tura ledar ƙarƙashin gado.

Da safe, kafin Mama ta sauke ƙwai daga wuta, Auta ta riga ta cika ciki da biskit.

"Na ƙoshi, Mama. Zan makara!"

Wake da ganyen da Mama ke zuba mata a kwanon makaranta kuwa, sai ta juye wa yaron da ke zama a bayanta. Ayaba ko kallonta ba ta yi. Ruwa ma sai ƙishi ya matsa mata.

Ba a daɗe ba cikinta ya yi tauri kamar ƙwallo. Ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito ba ta yi komai ba. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

Sai halinta ya fara canzawa. Da safe tana ta rawar kai, kafin a fita tara jikinta ya mutu. Komai haushi yake ba ta, har ƙarar fiƙe fensir.

"Auta, wa ya taɓa min ke?" Mama ta tambaya.

"Ba kowa!" ta ce, ta bugo ƙofa.

A makaranta Malama ta sa 'yan aji su gina ƙananan gidaje da kwali, biyu-biyu, don a nuna wa iyaye. Auta da babbar ƙawarta sun sha wahala a kan nasu. Har labule suka yi masa. Saura ƙofa kawai, ƙawar tana manna ta.

"Kin manna ta a karkace!" in ji Auta.

"Yi haƙuri, bari in gyara."

"Ba ki iya komai ba!" Auta ta kai wa gidan duka. Rufin ya lotsa, bango ya yage.

'Yan aji duk suka juyo. Ƙawar ta kwashe littattafanta tana hawaye, ta koma wani benci. Auta ta tsaya tana kallon hannunta. Ita kanta ba ta san abin da ya hau kanta ba.

"Zo nan," in ji Malama. Ta dube ta da kyau. "Na lura tun jiya hannunki yana kan cikinki. Ciwo yake yi?"

Auta ta ɗaga kai, sai kuka.

Malama ta kai ta ɗakin Nas, aka kira Mama. Nas ta danna cikin a hankali.

"Me kike ci da safe?"

"Biskit."

"Da rana fa?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Biskit."

Mama ta riƙe baki. "To waken nawa fa?"

Nas ta yi murmushi. "Saurara, 'yata. A cikin hanjinki akwai wasu ƙananan halittu masu amfani, ido ba ya ganin su. Suna taya ki narkar da abinci. Wake da ganye da 'ya'yan itace suke so, ke kuma kin bar su da yunwa. Ciki da kai suna aika wa juna saƙo. In ciki ya ɓaci, rai ma yana iya ɓaci."

Auta ta share hawaye. "Ke nan cikina ne ya fasa gidan?"

"A'a," in ji Malama. "Ciki ya sa ki fushi, amma hannun naki ne."

A gida Mama ta jawo ledar daga ƙarƙashin gado. Yaya ya leƙa ciki, ya ga 'yan ɓurɓushi.

"Ashe ɓeran gidan nan har makaranta yake zuwa!" ya ce. Auta ta yi dariya tana ɓoye fuska.

Washegari ta ci ƙwanta da ayaba, ta cika gorarta da ruwa. Tana shiga aji ta nufi bencin ƙawarta.

"Na yi miki laifi. Ki yafe min."

Ƙawar ta ɗago ta dube ta. Can ta ce, "Ke za ki manna ƙofar wannan karon."

Cikin Auta bai warware a rana ɗaya ba. Amma sannu a hankali ya yi laushi, nauyin ya tafi, ta daina gyangyaɗi a aji. Ranar da iyaye suka zo, sabon gidansu yana kan tebur. Mama ta tsuguna tana yaba shi.

A hanyar komawa gida Auta ta riƙo hannunta.

"Mama, na gane abu biyu. In na ba cikina abinci mai kyau, raina ma yana yin daɗi. In kuma wani wuri yana min ciwo, zan faɗa miki, ba zan ɓoye ba."

"Haka nake so, Autata," in ji Mama. "Mu yi sauri, wake yana jiran mu."