Cacar da Baba Izak Ya Ci

"Tsaya nan inda kake. Da wannan rigar ba za ka taka min tsakar gida ba."

Lorna ta jiyo muryar mahaifinta daga kicin. Ta ajiye wuƙar yankan albasa, ta fito da sauri tana goge hannu. A bakin ƙyaure ta hango Denzil tsaye, kwalin kek a hannu ɗaya, ɗayan a kan sakata. Koriyar riga ce a jikinsa.

Ta manta yau Juma'a. Tunda gasar zari-ruga ta kofin duniya ta ƙarato, duk ranar Juma'a kowa da koriyar rigar ƙungiyar ƙasa yake zuwa aiki, mai hoton barewa a ƙirji. Daga masana'antar tayoyi Denzil ya wuto kai tsaye, a ranar da suka tsayar zai zo neman aurenta.

"Kawu Izak, barka da yamma. Daga wurin aiki nake, ban samu na biya gida ba..."

"Ban tambaye ka daga ina kake ba."

"Baba..." in ji Lorna a hankali.

"Ke koma ki duba tukunyarki."

Duk unguwar Gelvandale babu wanda bai san abin da ke tsakanin Izak Plaatjies da wannan rigar ba. A ƙuruciyarsa, in ya rungumi ƙwallo ya sheƙa ta gefen fili, sai dai a bi ƙurarsa da kallo. Amma a lokacin farar fata kaɗai ke sa rigar barewa. Shi da abokansa a bayan ragar waya ake ajiye su ranar babban wasa, can ƙarshen fili, su kuwa su yi ta yi wa baƙi tafi don haushi. Tun daga nan zuciyarsa ta koma wurin 'yan New Zealand masu baƙaƙen kaya, ba ta kuma dawo ba.

Da Denzil ya tuɓe rigar nan ya rataye a ƙyaure, da magana ta mutu. To amma ga Anti Doris maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga tana shanya abin da ya riga ya bushe, Denzil kuma jini na tafasa.

"Kawu, ai zamani ya sauya. Kyaftin ɗinmu ma yanzu ɗan nan bayanmu ne, baƙar fata..."

"Ya sauya wa wanda bai ga na da ba." Izak ya dogara sandarsa, ya matso. "Gobe naku da nawa za su kara. Kana da zuciya?"

"Ina da ita."

"To mu yi caca. In masu barewa suka ci, ka shigo da rigarka har falo, ka faɗi abin da ya kawo ka. In nawa suka ci, ƙafarka ba ta ƙara taka layin nan."

Denzil ya yi murmushi irin na wanda bai taɓa faɗuwa ba. Ya miƙa hannu ta saman ƙyaure.

"Na yarda, Kawu."

"Ni kuke sakawa a caca, ina tsaye?" Lorna ta tambaya.

Hannayen sun riga sun haɗu.

Ta bi Denzil har inda ake hawa mota, iskar teku na figar mata siket.

"Ka sa ni a caca kamar akuya, Denzil."

"Haba zuciyata... ai za mu ci. Kin ga irin ƙartin da muka tara bana kuwa?"

"In ba ku ci ba fa?"

"Za mu ci."

Ya damƙa mata kwalin kek ɗin, ya shige mota. Ta daɗe a tsaye da kwalin a ƙirji.

A can gabashin duniya ake gasar, saboda haka da hantsi wasan ke zuwa musu. Da sassafe Izak ya sa baƙar rigarsa da ta koɗe, ya ɗingisa zuwa shagon caca na bakin hanya, kamar yadda ya saba duk wasan New Zealand. 'Yan canji yake zubawa, a ba shi 'yar takarda, ya dawo. Bai taɓa komawa karɓar ko sisi ba. A ci ko a faɗi, da takardar yake kunna wutar gashin kifi bayan wasa.

Da can falon nan ba ya ɗaukar mutane ranar wasa don yawansu. Amma abokan bayan raga sun ƙare ɗaya bayan ɗaya: wani ya rasu, wani 'ya'yansa sun ɗauke shi zuwa Cape Town, wani kuma jikokinsa sun sa masa koriyar riga, ya daina zuwa don kunya. Sai Katrina, mahaifiyar Lorna, wadda ba ta san kan wasan ba amma ta fi kowa ihu. Da ita ma ta kwanta dama, Lorna ce ta gaji rigarta da zaman kusa da Baba.

Ta zauna cikin baƙar rigar mahaifiyarta, zuciyarta na roƙon Allah Ya ba masu kore.

Da farko kamar roƙon zai karɓu. Layin ya ɗauki sowa, ana buga murafen tukwane. Sai kawai wani mai baƙaƙen kaya ya sulale ta gefe ya dire ƙwallo bayan layi. Kafin mutane su gama haɗiye wannan, wani ya sake direwa. Daga nan ba a ƙara jin murfin tukunya ba.

Da aka hura usur ɗin tashi, unguwar ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Gida ɗaya ne ke da dalilin murna a layin, shi ma babu wanda ya yi tari a cikinsa.

Izak ya kashe talabijin. Ya fita bayan gida, ya murɗe takardarsa, ya kunna wuta. Kifin ya gasu, ya huce a faranti, babu wanda ya taɓa.

Denzil mutum ne mai magana ɗaya, abin da ya sa Lorna ta so shi ke nan, shi ne kuma ya zame mata ciwo.

"Na ba shi hannu, Lorna," ya ce mata a waya, muryarsa a dusashe. "Amma ke ai ba ki ba kowa hannu ba. Ki zo garinmu Uitenhage mu haɗu, ko a bakin teku..."

"In riƙa saɗaɗawa wurinka kamar ɓarauniya?"

"To ya kike so in yi, abar ƙaunata?"

"Da ka tambaye ni haka a bakin ƙyaure."

Ta kashe wayar, ta kifa kanta a kan gwiwa.

Kwanaki suka yi ta shuɗewa. Ta je asibitin unguwa inda take aikin jinya, ta dawo, ta dafa, ta wanke. Ranar Juma'a duk inda ta juya koriyar riga ce, kowane mai faɗin kafaɗa sai ta ga kamar shi ne. Ba ta yi wa mahaifinta gaba ba. Tana shafa masa magani a gwiwa, tana haɗa masa shayi yadda yake so. Dariyarta ce kawai ta bar gidan.

Izak yana gani. Ya ga abinci na komawa tukunya, ya ga wuyan riga ya yi mata yawa. Sau da dama yakan zo ƙofar ɗakinta da kofin shayi, ya tsaya, ya rasa ta inda zai fara, ya koma ya shanye abinsa.

Sai aka fitar da New Zealand a wasan kusa da na ƙarshe. Masu barewa kuwa, da suka faɗi a farko, suka yi ta haurawa har suka kai wasan ƙarshe. Unguwa ta koma kore har jikin fitilun titi. Anti Doris ta ɗaura wa karenta koren ƙyalle.

Ana gobe wasan, Lorna ta dawo daga aiki ta same shi a bayan gida yana kankare ragar gashi, alhali babu abin da zai gasa. Ta jawo bokiti ta kife, ta zauna.

"Baba, me ya sa kake zuwa shagon caca?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ba ka taɓa karɓo kuɗin ba. Mama har faɗa take yi, wai ka ƙona mata kuɗin sabon labule."

Ya ɗan murmusa, bai ɗago ba.

"Ba don kuɗi nake zuwa ba. Ina so ne kawai in tsaya gaban mutum in faɗa da bakina cewa ba na tare da masu barewa. Da can ba a tambayarmu."

"Ke nan duk cacar da ka ci a duniya, ba ka taɓa karɓa ba."

"Ban taɓa ba."

"To me ya sa wannan kaɗai ka karɓa?"

Hannunsa ya tsaya cak a kan ragar.

"Ya raina ni. Ya zo min gida da..."

"Ba rigar ba ce, Baba. Ni da kai mun sani."

Iska ta kaɗa igiyar shanya. Da ya buɗe baki, muryar ba irin wadda ya tare ƙyaure da ita ba ce.

"Da na hango shi da kwalin kek na san abin da ya kawo shi. Har na gode wa Allah da ya zo da rigar, na samu abin kamawa." Ya share hanci da bayan hannu. "Kowa ya tafi, Lorna. In kin tafi, da wa zan yi magana? Talabijin?"

Hawaye suka zubo mata.

"Uitenhage ce fa, Baba, ba bangon duniya ba."

"Haka uwarki ta ce da za a kwantar da ita a asibiti. Wai nan da nan ne."

Ta tashi ta durƙusa gabansa, ta riƙe hannayensa masu baƙin gawayi.

"In ka ce in zauna, zan zauna. Ba zan gudu ba, ba zan yi aure a bayan idonka ba. Amma ka dube ni da kyau, Baba. Wannan da kake gani ita za ka samu, har ƙarshe."

Ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta, kamar mai neman wata a fuskar.

"Ba ni wayar," ya ce.

Ta lalubo lambar Denzil, ta miƙa masa.

"Yaro, Izak ne... A'a, saurara. Caca sai wanda ya ci ya je karɓa ake biya, ni kuwa ba na zuwa. Ka zo gobe kafin a fara wasa. Ka taho da burodi, namu ya ƙare."

Washegari da hantsi Denzil ya tsaya a bakin ƙyaure cikin farar riga mai maɓalli har wuya, burodi a hammata, jaka a kafaɗa. Shi ma ya rame. Lorna ta buɗe masa, ta harare shi da jajayen idanu.

"Ban yafe maka ba tukuna."

"Na sani, zuciyata. Zan jira ko shekara nawa ne..."

"Wuce ciki, kada ka sake yin wani alkawarin."

Izak na zaune a kujerarsa cikin baƙar rigarsa. Ya dubi Denzil sama da ƙasa.

"Ina rigar?"

"Tana cikin jaka, Kawu. Na ga kamar..."

"Ɗauko."

Denzil ya zaro ta, ya miƙa da hannu biyu. Izak ya karɓa. Tsawon rayuwarsa bai taɓa kai hannu jikinta ba. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya bi zaren barewar da babban yatsa, daga ƙaho har kofato. Sannan ya ɗaga ta a tafin hannu, yana aunawa.

"Ashe ba ta da nauyi," ya ce a hankali.

Lorna ta juya fuskarta wajen taga.

Ya miƙa wa Denzil.

"Sa abarka. Ka zauna can, kujerar ta daɗe babu kowa. In an tashi wasa ka faɗi abin da ya kawo ka."

"Kawu, na rantse duk ranar wasa a nan za mu..."

"Rufe min baki. Na ga yadda kake riƙe alkawari, saura kaɗan ka kashe min 'ya."

Dariya ta kuɓuce wa Lorna, hawaye na bin kumatunta. Izak ya juyo da sauri ya dube ta, kamar wanda ya ji sallamar baƙon da ya daɗe yana jira.

A waje an fara buga murafen tukwane. Ta zauna a tsakaninsu, baƙar riga a damanta, koriya a hagunta.

"Yau wa kake goyon baya, Baba?"

"Babu kowa," in ji shi, yana gyara zaman gwiwarsa. "Yau ban je shago ba. Ƙaro mana murya."