Baƙin Allon Thoa

Ranar da Dinh ya fara taka ƙauyenmu na Ha Thai, kusa da birnin Hanoi, fes ya shigo da farar riga, jakar burushi a kafaɗa. Thoa na tsugune a tsakar gidansu tana goge wani allo da ruwa, hannayenta baƙi ƙirin.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Nan ne gidan Baba Tuat mai ƙaro?"

Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Nan ne. Kada ka taɓa wannan kwanon."

Ai kuwa tuni ya tsoma yatsa a ɗanyen ƙaron da ake tatsowa daga itatuwan lardin Phu Tho don shafe alluna, har ya kai hanci yana shinshinawa. Thoa ta yi dariyar da ta sa dutsen gugarta ya faɗa ruwa. Shi kuwa ya tsaya yana kallonta, ya manta abin da ya kawo shi.

Kwana biyu sai ga saƙo a lambar da ke rubuce a ƙofar shagonsu:

"Ƙanwata, ƙaron nan ya kumbura ni, fuskata ta zama kabewa. Ido ɗaya ne ke buɗewa, da shi nake rubuto miki."

Ta amsa: "Maganin mai kunnen ƙashi ke nan. Ka daka ganyen itacen khe ka shafa. Idan ka warke ka dawo, Yaya Kabewa."

Ya dawo tun bai gama warkewa ba.

Dinh a birnin Lyon na Faransa ya koyi zane da fentin mai. Da ya komo gida sai ya ce kogunan ƙasarsa da duwatsunta ba su zauna masa a kan kyalle ba, da ƙaro yake son zana su. Thoa ta koya masa yadda ake shimfiɗa ƙaro hawa bisa hawa, a fasa ɓawon ƙwai a jera inda ake son fari, a ɗora fallen azurfa, a kai allo ɗakin laima ya bushe. Shi kuma ya nuna mata yadda haske ke kwanciya a kan ruwa, da yadda hanya ke tsukewa idan ta yi nisa.

"Hannunka ya cika gaggawa," in ji ta.

"Ke ce ke tsaya mini kusa."

Ta matsa baya. Ya ce ai ba ƙara ya kai ba.

Baba Tuat ya ga komai. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa gidajen bauta da teburan girmama kakannin da suka rasu alluna, baƙi da ja da zinariya, ba ƙari. Matarsa ta rasu, 'yarsa Thoa ce kaɗai gare shi. Da Dinh ya rusuna ya faɗi cewa auren Thoa yake nema, tsohon bai ko tura masa kofin shayi ba.

"Ƙaro ya san nasa. Wanda ya ci wa fuska ba ɗan gida ba ne. Turawa sun koya maka ka rufe ido ɗaya kana auna duniya da tsinken burushi, shi ne za ka zo ka ɓata mana abin gado?"

Thoa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Baba, kakanka fa? Ba shi ne ya yi ta niƙa wa ɗalibai ƙaro a makarantar zane ta Hanoi ba, malamansu Faransawa na tsaye a kansu? Kai ka ba ni labarin, kana alfahari."

"Shi ya niƙa, bai ba su 'yarsa ba!"

A zuciyar Baba Tuat akwai wanda ya zaɓa: Hoanh, ɗan mai masana'antar bakin titi, inda ake fesa wa kwanuka fentin gwangwani su bushe kafin shayi ya huce. Tsohon ba ya son aikinsu, amma yaro ɗan ƙauye ne, ba zai ɗauke masa 'ya zuwa wata ƙasa ba.

Hoanh ne ya tare Thoa a bakin kasuwa, ya miƙa mata wayarsa. Hoton Dinh ne a wani shagon kofi, wata Baturiya ta juya baya, ta riƙe hannayensa biyu.

"Faransa zai koma," in ji Hoanh. "Ina fata ba ki koya masa haɗin jan launin gidanku ba."

Ta koya masa. Wannan jan kuwa ko ma'aikatan shagon ba su san haɗinsa ba. Ta rubuta wa Dinh:

"Ka samu abin da ka zo nema. Ka gaida Lyon."

Ta toshe lambarsa.

Ba a daɗe ba dangin Hoanh suka zo da tire lulluɓe da jan kyalle, ganyen trau na taunawa da giyar shinkafa, kamar yadda ake zuwa neman aure. Aka ce Thoa ta fito ta zuba wa baƙi shayi. Ta fito da rigar aiki, hannu duk ƙaro, ta rusuna wa manya yadda ya kamata, amma ba ta taɓa buta ba.

"Iyayena, ku yi haƙuri da wahalar da kuka sha. Yaya Hoanh, ko babu Dinh a duniya ba zan aure ka ba. Mutumin da ke bin wani yana ɗaukar hotonsa a ɓoye, me zai yi wa matarsa?"

Mahaifiyar Hoanh ta dafe ƙirji. Baba Tuat ya miƙe.

"Kin zubar mini da mutunci a gaban teburin mahaifiyarki. Fita!"

"Zan fita, Baba. Amma hannun nan naka ne, duk inda na je da shi zan yi aiki."

Ta ɗaura jaka a babur ta nufi Hanoi, gidan Goggo Muoi, ƙanwar mahaifiyarta mai sayar da miyar taliya. Sai da ta hau babban titi sannan ta bar hawayen suka zubo.

A can Dinh ya same ta wata safiya tana yanka albasa. Ya rame, yatsunsa duk tabo.

"Jirginka bai tashi ba?" ta ce, ba ta ɗago ba.

"Malamata ce, Madam Odile. Gurbin koyarwa ta kawo mini, na ce a'a. Hannuna ta kama tana duba abin da ƙaro ya yi mini, ta ce na haukace."

"Kyakkyawa ce?"

"Thoa, ta girmi Goggo Muoi."

"Kai yaro!" Goggo ta ɗaga ludayi daga bayan tukunya. "Wa ya ce maka na tsufa?"

Thoa ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Ta share ido ta ce albasa ce.

"To yanzu fa?" ya tambaya. "Akwai masu zuwa ofis su sa hannu a takardar aure, shi ke nan."

"Ba zan yi aure kamar ɓarauniya ba. Ta ƙofar gidanmu zan fita, Baba na tsaye. Sai ya yarda, ko da yanzu ya ƙi."

Suka share ɗakin ajiyar Goggo, suka rataye jiƙaƙƙun buhuna don laima, suka kafa babban allo. Mashigin kogin Nhue suka zaɓa, inda mahaifiyar Thoa ke wanke ganye tana raye. Dinh ya fitar da nisa da inuwa, Thoa ta ɗora launi. Sun yi faɗa ba adadi. Shi yana son sama shuɗiya, ita ta ce a zanenta sama ja ce, wanda bai so ba ya koma Lyon. Damina ta wuce suna kai.

"Zuciyata, na yi mafarkin sama ja. Kin ci nasara har a barcina," in ji Dinh wata rana.

"Ka saba tun yanzu. Gobe ka zo da ƙwan agwagwa, ɓawon ya ƙare."

Daga ƙarshe suka rufe zanen duka da baƙin ƙaro, kamar yadda ake yi kafin guga ta fito da abin da ke ƙasa. Nan Thoa ta ce a tsaya.

Ranar tunawa da rasuwar mahaifiyarta, dangi sun cika gidan, an jera dafaffiyar kaza da shinkafa a teburin kakanni. Sai ga Thoa da Dinh sun shigo ɗauke da baƙin allo. Kowa ya juyo yana kallonsu. Ta kunna turaren tsinke, ta rusuna wa hoton mahaifiyarta, sannan ta ajiye kwanon ruwa da dutsen guga a gaban mahaifinta.

"Ban zo roƙo ba, Baba. Aikinmu ne. Ka goge da hannunka. Idan banza ce a ƙasa, ka fasa shi a gaban kowa."

"In na fasa za ki rabu da shi?"

"A'a. Wani za mu sake yi mu kawo."

Wani kawu ya yi tari don ɓoye dariya. Baba Tuat ya harari allon, ya shafa shi da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa. Mai sana'a ba ya iya ganin allo a rufe ya ƙyale. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna.

Baƙin ruwa ya fara gangarowa. Ja ya leƙo ta sama. Sai azurfar kogi, tana tsukewa har ta ɓace a bayan gorori. Sai matakalar mashigi, da wata mace cikin farar riga ta ɓawon ƙwai, ta sunkuya da kwando a gefenta. A nan hannun tsohon ya tsaya. Ya ajiye dutsen, ya ci gaba da yatsa kawai, a hankali.

Har kaza ta huce yana gogewa, sannan ya ɗago.

"Wa ya sa azurfar ruwan nan?"

"Ni ne, Baba," in ji Dinh.

"Ta yi yawa." Ya ja hanci. "Amma ruwan yana tafiya. Ban taɓa sa ruwa ya yi tafiya ba." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma taurin kan nan ba nawa ba ne, na waccan ne." Ya nuna matar da ke allon. "Ka ce wa iyayenka su zo, kafin in sake shawara."

Bayan girbi aka yi bikin. Thoa ta fito cikin doguwar riga ja, ta ƙofar gidansu, Goggo Muoi na kuka tana rabon alewa. Ango da amarya suka rusuna a gaban teburin kakanni, suka miƙa wa Baba Tuat shayi da hannu bibbiyu. Ya shanye, ya haɗa hannayensu cikin nasa.

"Ku tsufa tare har kanku ya yi fari, haƙora su zube. Ku cika gidan nan da yara. Dinh, na ba ka ita, amma kada ka zo mini da ƙara. Ni ma ban taɓa cin ta a gardama ba."

Tsakar gida ta kaure da dariya da tafi, aka ɗaga kofuna. Thoa ta sunkuyar da kai kamar kowace amarya, tana murmushi.