Maɓallan Auta

"Wai ita wannan ba ta iya gaisuwa ba ne?"

Yaya ta juyo da sauri. Yau ne mahaifiyar masoyinta, wani saurayi mai gyaran keken ɗinki, ta fara zuwa shagon ɗinkin Yaya tare da ɗan nata, don ganin wadda ya nace wa. Ga ƙanwarta Auta, 'yar shekara bakwai, zaune a ƙasa tana jera maɓallai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Tun rasuwar iyayensu ba su da kowa sai juna.

"Mama, larurar galahanga gare ta. Ba ta son haɗa ido, amma tana ji..."

"Larura ko sangarta?" Mama ta sa ƙafa ta share maɓallan daga hanya.

Wayyo! Auta ta toshe kunnuwa, ta ƙwalla ƙara.

Mama ta juya ga ɗanta. "Ka gani ko? In auren nan kake so, a nema wa yarinyar nan wani wuri. Ba dai gidan ɗana ba!"

Allah ya sani Yaya tana sonsa kamar ranta. Amma ta miƙe, ta fuskanci Mama.

"Ki yi haƙuri, Mama. Ba rashin kunya ba ce, tun safe take wannan jerin. Inda babu wurinta, ni ma babu nawa."

Ta dubi masoyin nata, hawaye na zuba. Gogan naka ya kawar da kai, yana kallon ƙasa. Shi ke nan, ta rasa shi...

Sai kawai ya durƙusa da sabbin kayansa, ya fara jerawa. Ja uku, fari ɗaya, shuɗi biyu. Ja uku, fari ɗaya...

"Yaushe ka koya?" Yaya ta tambaya.

"Haba abar ƙaunata, kin zaci kekenki ne ke lalacewa duk mako? Hujjar zuwa ce kawai, ina duba shi ina kallon jerin Auta."

Kukan Auta ya tsaya cak. Ta matso, ta bi jerin da yatsa. Saura ɗaya. Ta rarrafa ta taɓa takalmin Mama.

Mama ta ɗaga ƙafa. Ga shuɗin nan a ƙasa. Jikinta ya yi sanyi, ta sunkuya ta ɗauka.

"A ina... a ina zan sa?"

Auta, wadda ba ta yarda ta taɓa baƙo, ta kama hannunta ta kai shi gurbin.

Bayan auren, Mama da kanta ta hana a shimfiɗa kafet a ɗakin Auta.

"Ku naɗe shi! Maɓallan 'yata ba sa zama daidai a kansa."