Ranar da Dandamalin Yara Ya Rufta

Ana tsuga ruwan sama aka watso mata kayanta waje. Hulunan kwali da ta shafa wa fenti da hannunta, fukafukan tsuntsu da ta ɗinka da tsofaffin zannuwa, kan zaki na soso, duk suna kwance cikin taɓo. Antin Wasa, kamar yadda yaran unguwa ke kiranta, ta durƙusa tana tsincewa, hawayenta na gauraya da ruwa... babu wanda ya miƙo mata hannu.

Marainiya ce. Abin da mahaifinta kafinta ya mallaka mata kafin rasuwarsa shi ne tsohon shagonsa, a nan ta kafa dandamalin katako, ta tara yara tana koya musu wasan kwaikwayo. Kafin ita, babu wanda ya taɓa tunanin yaro zai hau dandamali manya su zauna suna saurarensa. An ce ta zautu, an ce tana ɓata tarbiyya, ta toshe kunne. Wanda ya fi kowa tsanar abin shi ne Yaya, ɗan baffanta, shi ma kafinta, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon. Ya hana 'yarsa Auta ko leƙa ƙofar, sai dai yarinyar kan sulale ta je a ɓoye.

Ranar da iyaye suka taru kallon wasan farko, yara na hawa dandamalin ya rufta. Ihu ya kaure. Da aka ɗaga katakai, Auta aka samu a ƙasa cikin rigar tsuntsu, a sume, ƙafarta ta dagargaje.

"Kin kashe min 'ya, muguwa!" in ji Yaya, yana shaƙe da wuyan rigarta.

"Wallahi Yaya jiya na duba kowace ƙafa ta dandamalin nan, lafiya lau take..."

Mari ya katse ta. Ta kwana biyu a hannun 'yan sanda, da aka ba da belinta ta tarar Yaya ya sauya kwaɗon shagon, ga kayanta a titi. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Mai gidan da take haya ya ce ta nemi wani wuri. In ta bi layi mata su ja yaransu ciki su rufe ƙofa, wannan ya fi marin yi mata ciwo. Kullum bisa sallaya addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, ba don ni ba, ka tashi kafaɗun yarinyar nan."

Da Auta ta farfaɗo ta ƙi ci, ta ƙi sha, sai kiran Anti. Dole uwarta ta je ta nemo ta. Ɗakin asibitin cike yake da dangi da maƙwabta, Yaya na tsaye bakin taga ya haɗe rai. Yarinyar ta riƙe hannun Anti, ta ce da siririyar murya, "Anti, kada ki yi kuka, ba laifinki ba ne. Ba laifin Baba ba ne kuma, ai har gyara miki ya yi. Da safen ranar wasan na leƙa na gan shi ƙarƙashin dandamalin da guduma, yana zare ƙusoshi, na ji daɗi na ce ashe ya daina fushi da ke."

Uwar Auta ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Baban Auta... da hannunka?"

Ya zube ƙasa. "Ban san tana ciki ba! So na yi kawai a kore ta daga shagon..."

"'Ya'yan wasu fa?" in ji wani dattijo maƙwabci. "Su ba 'ya'ya ba ne?"

Alƙali ya ɗaure shi, aka mayar wa Anti shagonta. Iyayen da suka guje ta suka zo kai a sunkuye, ta ce ta yafe tun kafin su buɗe baki. Su da kansu suka kafa sabon dandamali. Ta shafe sauran rayuwarta a wannan aiki, ɗalibanta suka buɗe irinsa a garuruwa da dama.

Auta ta warke, amma da sanda take tafiya har abada. A wasan farko bayan sallamarta, ita aka ba buɗe fage. Ta tsaya cak bakin matakala, Anti ta durƙusa ta ce, "In kina tsoro mu bari."

Yarinyar ta girgiza kai, ta miƙa mata sandar. "Ki riƙe ni kawai, Anti."

Suka hau tare, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna kuka.