Allin da Shafi'u Ya Karɓa

Rana ta yi ja lokacin da Shafi'u ya gama jibge harawar da Inna ta sa shi kwasowa daga gona. Ya wanke hannu, ya naɗe littafin lissafinsa ya cusa a aljihu.

"Ina za ka yanzu?" Inna ta tambaya daga bakin murhu.

"Makaranta. Malam Makau ya ce in iske shi bayan la'asar, ya gwada min aikin gida."

"La'asar ɗin da ta wuce tun ɗazu? Kak ka bari duhu ya iske ka hanya."

Ya ce to, ya fita.

Aji biyar yake a sakandaren jeka-ka-dawo da ke bayan garin Bukkuyum. Da can lissafi bai taɓa ba shi wuya ba, don yana da Hayatu. Hayatu yayansa ne, wanda ya ajiye karatu ya kama kabu-kabu domin shi Shafi'u ya ci gaba. Kullum da yamma zai jingine babur, ya tsuguna a tsakar gida ya warware masa aikin gida da tsinke a ƙasa. A tsakiyar daminar nan mota ta banke Hayatu ranar kasuwa. Kafin a kai asibiti ya cika.

Tun daga nan komai ya yi wa Shafi'u nisa. Ya ci tuwo bai ji ɗanɗano ba. A yi masa bulala a makaranta, ya tsaya yana kallon mai dukan. Lambobi kuwa sai ya zuba musu ido har a kaɗa ƙararrawa. Da Malam Makau ya gaji da karɓar farar takarda, sai ya ja shi gefe ya ce, "In ka ci gaba haka maimaita aji za ka yi. Zo in taimake ka." Shafi'u ya san Inna ba za ta iya ɗaukar ƙarin shekara ba. Maimaita aji a wurinsa barin makaranta ne. Ko wannan ɗin ma bai ji shi a ransa ba. Ya dai tafi ne don an ce ya je.

Yana tsakiyar fadama aka kira magariba. Ya ce a ransa sai ya yi tare da Malam a can. Hanyar ba kowa. Dawa ta yi tsayi gefe da gefe, tana kaɗawa a hankali. Warin ɗanyen kashin shanu, da hayaƙin wata ruga daga nesa. Kwaɗi suna ta kuka.

Da ya shiga cikin darbejiyar makaranta, sai kukan ya ɗauke gaba ɗaya.

Abu ɗaya kawai yake ji. Ƙarar alli a jikin allo. Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Daga ajinsu take fitowa.

Ya yi sallama a bakin ƙofa. Ba a amsa ba. Mutum ne tsaye gaban allo cikin farar riga, ya ba shi baya, yana rubutu.

"Ka makara," in ji muryar Malam Makau. "Zauna."

Ya zauna a bencin gaba. Ajin ya yi duhu, ba fitila, amma rubutun allon fari tas, kamar wata ne ke haska shi. Wani wari yake ji, irin na ƙasar da aka haƙo daga zurfi, mai sanyi da danshi. Ya san warin. Bai tsaya tunanin inda ya san shi ba.

Tambayar farko ta aikin gidansa ce a allon, ko da yake bai fito da littafin ba. 2x + y = 7, sai x − y = 2.

"Tara na sama da na ƙasa. Mi ya samu y?"

"Ya ɓace."

"Mi ya rage?"

"X uku daidai da tara." Ya raba tara gida uku. "X uku ne ke nan."

"Ka gani."

Ya gani kuwa. Abin ya buɗe masa sarai, yadda bai buɗe ba tun rasuwar. Ya fito da littafi da biro, suka shiga ta biyu, suka shiga ta uku. Mutumin bai juyo ba ko sau ɗaya. Da ƙasan allo ya cika, sai hannun ya miƙa can sama kusa da rufi, ya ci gaba da rubutu. Malam Makau gajere ne, kan kujera yake hawa in zai goge saman allo. Shafi'u ya ga hannun. Ya ga yadda gwiwar hannun ta wuce inda ya kamata ta tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da kwafa.

"Wanga biyar ɗin, tsallaka da shi gada."

Biro ya tsaya a hannunsa.

Mutum ɗaya ne a duniya ke kiran alamar daidai gada. Kuma muryar ba ta Malam ba ce yanzu.

"In ya tsallaka gada mi yake komawa, ɗan Inna?"

"Ɗebewa," Shafi'u ya faɗa a hankali. Sai kuma, "Yaya?"

"Rubuta."

Bai ji tsoro ba. Wani abu mai ɗumi ne ya sauko masa a ƙirji, ya ji ko a nan zai kwana ba komai. Ya rubuta.

Benci ya yi ƙara a bayansa. Wani ya buɗe shafi. Wani ya ja numfashi. Lokacin da ya shigo shi kaɗai ne a ajin. Ta gefen ido ya hango kawuna jere, duk a sunkuye, cikin kayan makaranta irin waɗanda aka daina sawa tun kafin ya shigo. Ba mai motsi. Birorinsu ne kawai ke tafiya.

"Saura ɗaya. Taso ka yi ta da hannunka."

Ya tashi. Hannun mutumin ya miƙo ta baya, ba tare da jikin ya juyo ba, riƙe da guntun alli. Shafi'u ya karɓa. Sanyi ya ratsa yatsunsa, ya haura zuwa kafaɗa.

"In ka gama wagga, ka gama wahala. Sai ka koma ka zauna cikin 'yan uwanka."

Ya ɗora allin a allo. Hannunsa ya fara tafiya tun bai karanta tambayar ba.

Can nesa, siririya kamar daga ƙasan rijiya, ya jiyo kiran isha'i.

"Yaya," ya raɗa, "ban yi magariba ba."

"Bar ta."

"Na'am?"

"Bar ta. Gama tukuna."

Hayatu ya taɓa fizge masa littafi ana tsakiyar lissafi, ya ja kunnensa har bakin masallaci. Hayatu kan sauke fasinja a hanya don ya yi salla.

Sai a lokacin tsoron ya zo. Gaba ɗaya ya zo.

Ya so ya saki allin. Yatsun suka ƙi buɗewa.

Hannun nasa yana ta rubutu. Saura layi ɗaya.

Ya buɗe baki. Harshe ya yi nauyi kamar dutse.

Birorin bayansa suka tsaya.

Kan mutumin ya fara juyowa, kafaɗun ba su motsa ba.

"A'uzu... a'uzu billahi..."

Ya kama hannun damansa da na hagu ya buga a bango. Allin ya faɗi. Bai nemi ƙofa ba, ta taga ya faɗa, ƙarfen tagar ya yage masa cinya. Ya tashi ya zuba da gudu cikin dawa, ganye na yankar fuskarsa.

"Ɗan Inna," muryar ta ce, daidai kunnensa. "Layi ɗaya."

Bai waiga ba.

Cikin garken shanu ya faɗa. Wani makiyayi mai suna Sambo ne ya ɗaga shi, ya haska masa tocila a fuska. Ya ce tun ɗazu shanunsa suka toge, sun ƙi bin gefen makarantar. Bai tambaye shi komai ba. Ya riƙe shi har ƙofar gida, yana karatu ƙasa-ƙasa.

Shafi'u ya daɗe kwance da zazzaɓi, ana ta yi masa tofi da rubutun sha. Malam Makau ya zo duba shi. Ya ce shi ran nan Gummi ya tafi ta'aziyya tun da hantsi, ya bar saƙo a gaya masa kada ya zo, saƙon bai isa ba. Da aka buɗe ajin da safe ba komai a allon.

Zazzaɓi ya tafi, hannun dama bai dawo ba. Yana ɗaukar kaya, yana riƙe fartanya, amma ko garwashi ya taɓa ba ya ji. Kuma duk lokacin da ya riƙe biro gaban tambayar lissafi, hannun sai ya kama rubuta amsa da kansa, daidai, cikin rubutun da ba nasa ba. Ya ƙi yarda. Ya koma koyon rubutu da hagu kamar ɗan aji ɗaya, Malam Makau na zama da shi da rana a gindin darbejiya.

Ranar jarrabawa zama ya yi a kan hannun. Yana jin sa yana motsi ƙarƙashin cinyarsa har aka karɓi takardu.

Da sakamako ya fito, da ƙyar ya haye. Inna ta juya takardar, ta miƙa masa, don ita ba ta karatun boko.

"An ci ko ba a ci ba?"

"An ci, Inna. Kaɗan."

"Kaɗan kamar yaya?"

"Iyakar abin da niy yi da kaina."

Ta dube shi, ta dubi hannun da ke kwance a cinyarsa. Ta ce alhamdulillahi, ta tashi ta zubo masa tuwo.